Mutumin da maƙeri ya gani: babur da haƙƙin mahayi a ƙasar Arewa

A zamanin da doki yake sarautar hanya a ƙasar Arewa, mai neman sirdi na kirki yakan tafi wajen masu sana'a da kansa. Masassaƙi ya dubi gadon bayan dokin, ya dubi tsawon ƙafar mai shi, sa'an nan ya sari icce. Baduku ya lulluɓe da fata. Maƙeri ya buga likkafa da linzami. Su ukun sun san wanda suke yi wa aiki, sun san ubansa. Idan sirdin ya yi wa doki miki, ko likkafa ta tsinke ana tsakiyar sukuwa, ba sai an yi cigiyar mai laifi ba, domin ƙofar gidansa tana nan cikin gari. Kunya da amana su ne suka tsare ingancin aiki tun kafin a san wata takardar garanti.

Yau dokin da ya fi yawa tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri, daga Matankari har Kore Mai Ruwa, na ƙarfe ne, esansi yake sha. Wasu su ce moto, wasu su ce babur kamar yadda ake faɗa a hayin iyaka. Wanda ya zana shi yana zaune a wani gari mai nisan dubban kilomita, bai taɓa sa ƙafa cikin rairayin Dallol Mawri ba, ba kuwa zai taɓa jin sunan yaron da ya karye a kansa ba. Kunyar ido ba ta kai can. To, a nan ne wata tambaya take tasowa, wadda ta wuce rumfar makanikai ta shiga fagen ɗa'a: mutumin da yake ƙera abu domin wanda ba zai taɓa gani ba, akwai haƙƙin wannan baƙo a wuyansa? In akwai, daga ina ya fara, a ina kuma ya tsaya?

Kafin a nemi amsa, ya kamata a lura da wani abu wanda sabo ya sa ido ya daina gani: babu kayan aikin da ba a ɓoye siffar mutum a cikinsa ba. Tsawon taɓarya ya san tsawon mai daka. Hauya mai doguwar ƙota, wadda ake noma da ita a tsaye, ta san ƙasar tudu mai laushi za ta shiga, ta san kuma manomin yana da faɗin gonar da ba zai gama a duƙe ba. Haka ma babur. Tsayin mazauninsa, girman tayarsa, wurin da aka ajiye injinsa, duka amsoshi ne ga tambayoyin da wani ya yi wa kansa a gaban takarda: wa zai hau, me yake sanye da shi, wace hanya zai bi, nawa ke aljihunsa? In an karanta tarihin babura ta wannan fuska, sai a tarar tarihi ne na mutanen da maƙera suka gani, da na waɗanda suka manta.

A fara da Vespa, wadda bakin Bahaushe ya mayar Basfa. Bayan yaƙin duniya na biyu, masana'antar jiragen sama ta Piaggio da ke Pontedera, a Italiya, ta zama kufai saboda ruwan bama-bamai. Hanyoyin ƙasar sun lalace, mutane ba su da kuɗin mota. Enrico Piaggio ya ɗora wa wani injiniya, Corradino D'Ascanio, nauyin fito da abin hawa mai araha. Mutumin nan gwanin jiragen sama ne, wanda jirginsa mai saukar ungulu ya kafa tarihi tun 1930, kuma ba ya ƙaunar babur ko kaɗan. A ganinsa abu ne mai ƙazanta, mai wuyar hawa, mai wahalar sauya taya. Wannan ƙiyayyar ita ta yi masa jagora. An ce ya fara da zana mutum zaune kamar bisa kujera, ƙafafu a haɗe, sa'an nan ya gina abin hawan a ƙarƙashinsa. Ya rufe injin cikin kwanon ƙarfe daura da tayar baya, ya yi watsi da doguwar sarƙa mai fesa baƙin mai, ya kafa garkuwa a gaba domin tsare tufafi daga taɓo, ya maido giya a hannu, ya riƙe tayar gaba ta gefe ɗaya irin ƙafar jirgin sama don a iya kwance ta cikin sauƙi kamar ta mota. An shigar da takardar mallakar zanen ranar 23 ga Afrilu 1946. Siririn ƙugunta da ƙugin injinta suka jawo mata suna, domin vespa da Italiyanci zanzaro ke nan. A 1956 an riga an ƙera miliyan guda.

Wa D'Ascanio ya gani? Ma'aikacin ofis mai kwat, mace mai buje, limamin coci mai doguwar riga: mutanen da ke son su isa inda za su da mutuncinsu. Babbar riga ba ta taɓa zuwa masa a rai ba. Amma abin da ya yi domin buje sai ya faɗa wa riga daidai, kamar da gangan. Mai babbar rigar da ya hau babur mai tanki a tsaka, dole ya tattare ta har ƙugu, ya ware ƙafafu, ya sauka da tabon mai a wando. A kan Basfa kuwa yakan zauna yadda yake zama a zaure, shadda ba ta ɓaci ba, ɗinkin wuya bai yamutse ba. Shi ya sa a birane irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi ta zama abin hawan dattawa, ƴan kasuwa da malamai. Akwai abin lura a nan: wanda ya tsaya ya dubi mutuncin mutum guda da gaske, sau da yawa yakan kyautata wa wani baƙo wanda bai san da zamansa ba. Sai dai kuma Basfa tana da iyakarta. Tayoyinta ƙanana ne, inci 8 da farko, daga baya 10. A kan kwalta sarauniya ce. Da an sauka an nufi Sukukutan ko Dogon Kirya, sai tayoyin su nutse cikin rairayi, mai ita ya koma turi. Ba za a ga laifin Ba'italiyen nan ba, tun da bai yi wa kowa alkawarin rairayi ba.

Ita kanta hanyar da ake hawa tana da nata labarin. A cikin wannan wata na Afrilu 1946, ranar 11, aka zartar da dokar Houphouët-Boigny wadda ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulki. Arawa sun san hanya a matsayin azaba, da kwando bisa kai, tun kafin su san ta a matsayin sauƙi. Adeline Masquelier, wadda ta daɗe tana bincike a Dogon Dutsi, ta yi rubutu a kan yadda tsofaffi suke haɗa babbar hanyar da tunanin aikin tilas da iskokin da aka tayar daga mazauninsu. Waɗanda suka ja layinta a taswira sun ga kaya da sojoji. Masu ɗaukar ƙasa ba su shiga lissafi ba.

Abin hawan da wannan ɓangaren iyaka ya fi sabawa da shi shi ne Mobylette, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fitar a 1949, aka kuma ƙera kimanin miliyan 14 kafin a daina. Injinta bai cika sisi 50 ba, ana gauraya mata mai da esansi, kuma tana da feda irin ta keke. An zana ta ne domin ma'aikacin masana'anta da matashin da ba shi da lasisin tuƙi. A nan kuwa sai ta zama dokin ƙaramin ma'aikacin gwamnati: mushen lakwal, malamin likita, malamin gona. Tsofaffin malaman makaranta ba su manta da ƙararta ba, ba su kuma manta da ranakun da aka ƙarasa tafiya da gumi ba. Fedar nan ta cancanci a tsaya a kanta. Maƙerin da ya bar feda a jikin injinsa ya yarda tun farko cewa injin zai iya gazawa, ko mai ya ƙare a inda babu mai sayarwa, don haka ya bar wa mahayi mafita. Irin wannan gaskiya ba ta da yawa a duniyar talla. Ƴar uwarta Solex ba ta yi wannan sa'a ba: injinta yana juya tayar gaba ne ta hanyar goga mata wani ɗan dutse, dabarar da ke santsi cikin laka, take kuma cin taya cikin ƙura. Zamanin su biyun ya soma shuɗewa tun kafin ranar 12 ga Janairu 1994, amma ranar ce ta rufe ƙofa, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke fitowa daga Faransa ya ninka tsada a dare ɗaya.

Babban darasin dai daga Japan ya fito. Tun a 1958 kamfanin Honda ya nuna ya iya duban mutum, sa'ad da ya fitar da Super Cub. Abin da aka nema shi ne babur wanda yaron da ke kai taliya gidaje zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da faranti. Shi ya sa aka yi masa kuloci mai aiki da kansa, aka ba shi manyan tayoyi masu inci 17 saboda yawancin hanyoyin Japan na lokacin ba su da kwalta. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Amma labarin da ya fi shafar Arewa na wani babur ne daban. A farkon shekarun 1970, baburan Honda masu inji na zamani suna ta lalacewa a ƙasashe matalauta. A 1974 kamfanin ya tura ma'aikata biyu su zagaya Tailan, Maleziya, Indunusiya, Filifin, Iran da Pakistan, su ga abin da ke faruwa da idonsu. Abin da suka gani kowane mutumin Dutsi zai gane shi: uba yana tuƙi, yaro bisa tanki, uwa a baya, ga kaya a ɗaure, man inji ya yi kauri kamar kunu don ba a taɓa sauya shi ba, matatar iska ta takarda ta toshe da ƙura, ba a zuwa wajen mai gyara sai babur ya tsaya cak.

Hanya biyu ce a gabansu. Suna iya komawa gida su rubuta cewa mutanen nan ba su karanta littafin da ke cikin kwali ba, laifinsu ne. Ba kuwa wanda zai ce sun yi ƙarya. Sai suka ɗauki ta biyun. A injin da ke lalacewa, sandar da ke buɗe bawul tana can sama, kuma rayuwarta ta dogara ga tsabtataccen mai da famfo zai kai mata. Da man ya gurɓace sai ta ci kanta. Suka sauko da ita ƙasa kusa da inda mai yake taruwa, suka bar ƴan sanduna biyu suna isar da motsi sama, tsohuwar dabara wadda masu son gudu suke yi wa kallon ci baya. Suka sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar, suka ƙarfafa gangar jiki, suka tsawaita mazauni. A 1975 CG125 ya fito. Gudunsa bai kai na wanda ya gada ba, amma ba ya mutuwa da sauƙi.

Mai shakka zai ce: ina ɗa'a a nan? Kasuwa suke nema, sun samu. Gaskiya ne, babu wanda ya tafi Pakistan don neman lada. Sai dai masassaƙin sirdin nan ma ba kyauta yake yi ba, kuma ba a taɓa cewa karɓar ladan aikinsa ya soke amanarsa ba. Abin dubawa shi ne ta wace hanya aka nemi ribar. Akwai mai cin riba da rashin sanin mai saye, akwai mai cin riba da sanin halin mai saye; na farko yana fatan kada a gane, na biyu yana fatan a gane a dawo. Cewa aljihunsu duka ya cika bai mayar da su abu ɗaya ba.

Akwai wata suka wadda ta fi wannan kaifi, kuma ba a kawar da ita da jimla ɗaya. Mai ita zai ce: anya wannan girmamawa ce, ba raini ba? Injiniyan da ya yanke cewa mutanen nan ba za su taɓa koyon sauya mai ba, ya ƙera musu abin da ya dace da sakacinsu, ai ya fid da rai gare su ke nan. Wanda yake ganin ka da daraja yakan buƙaci ƙoƙari daga gare ka. Malaman makaranta sun san wannan gardama farin sani, domin ita ce ake yi tun sa'ad da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Tsarin karatun da aka gada ya ga wani yaro wanda uwarsa take yi masa magana da Faransanci. Yaron Ɗan Kasari ba ya cikin hoton. Da aka ce a fara da harshen da yaro ya zo da shi, iyaye da yawa suka ji kamar an ce ƴaƴansu ba su isa karatun ƴaƴan manya ba. Tsoronsu ba na banza ba ne. Amma akwai ma'auni da ke raba raini da girmamawa, a aji ko a masana'anta: shin an rage abin da ake bayarwa, ko an sake hanyar isar da shi? Malamin da ya koyar da rabawa da Hausa bai rage lissafi ba, ya ƙara wa kansa aiki ne. Wanda ya ce ƴan ƙauye ƙidaya ta ishe su, shi ne mai raini, ko da wane harshe ya faɗa. Ma'aikatan Honda ba su ba talaka ragowar abin da mai kuɗi ya bari ba; sun zauna sun warware wata matsala mai wuya, wato yadda inji zai rayu cikin ƙura da gurɓataccen mai. Ban da haka, abin da suka gani ba sakaci ba ne zalla. Mutumin da ke zaɓe tsakanin litar man inji da tiyar hatsi ya san mai yana da amfani. Cikin ƴaƴansa ne ya fi kusa.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna abin da ya biyo baya. Daga ƙarshen shekarun 1990, musamman cikin na 2000, baburan ƙasar Sin suka malalo ta Kwatano da Lome da kasuwannin Najeriya: Jincheng, Kasea, Haojue da ire-irensu, da yawansu injinsu jikan CG ne ko na Super Cub. Na Indiya suka biyo sawu, irin su Boxer na kamfanin Bajaj, wanda shi kansa da ƙera Vespa bisa izinin Piaggio ya kafu tun 1960. Hukunci a kansu ba shi da sauƙi. A gefe guda, wasu masu kwaikwayon sun yi daidai abin da aka kira raini: sun riƙe siffa, sun rage ƙarfe, sun sa birki da noti waɗanda ba za su ga damina biyu ba, da tunanin cewa ga Afirka wannan ya isa. Wanda ya sa birkin da ya san ba ya kamawa, nisansa da Tibiri ba ya wanke shi. A ɗaya gefen kuwa, su ne suka ga abin da Turai da Japan suka kasa gani sosai, wato zurfin aljihun manomi. Da zuwansu, babur ya fita daga hannun mai albashi ya shiga hannun wanda ya sayar da sa, ko ya dawo daga cin rani. Ƙauyen da ke nesa da babbar hanya ya matso kusa da kasuwa. Mai naƙudar da a da sai an ɗaura jaki ko sa a amalanke, a kwana a hanya, yanzu ana iya kai ta likita kafin gari ya waye. Matashin da lakwal ta sallama ba takarda ya sami kabu-kabu ya ci da gidansu. Wanda zai la'anci arahar nan, ya fara tambayar waɗannan.

Giɓin da mai kwaikwayo ya bari, wani ne yake cike shi, kuma ba a cika ambatonsa cikin tarihin ƙira ba. Mai gyara na bakin tasha, da mai walda na kusa da shi, su ne maƙera na biyu. Babur yakan fito daga kwali da siffar mutumin wata ƙasa, su suke sake masa siffa: a faɗaɗa kariya don buhu da jarka, a ƙara ƙarfin ƙafar baya, a sake ɗinka mazauni, a kankare buji a mayar maimakon a sayi sabo. Da kunne suke gane ciwo, yawancinsu ba su taɓa ganin littafin injin ba. Su ne magadan masassaƙin sirdi na gaskiya, domin su suka san fuskar mahayi, su ne kuma ake iya tararwa gobe idan aiki ya ɓaci. Al'ummar da ke ce wa yaro in bai yi karatu ba zai ƙare a gyaran babur, ya kamata ta sake duban wanda take rainawa.

Ga kuma inda maganar take yin ɗaci. Duk halayen da suka sa babur ya zama alheri ga ƙauye, wato araha, juriya, shan mai kaɗan, ɗaukar mutum uku, ratsa dajin da mota ba ta shiga, su ne suka sa ya zama dokin ɗan bindiga. Ranar 2 ga Janairu 2021, mahara a kan babura suka kashe kimanin mutum 100 a Combangu da Zarumdareye, cikin jihar Tilaberi. Ranar 21 ga Maris na wannan shekara aka kashe 137 a yankin Tiliya, cikin jihar Tawa, da irin wannan salo. Iyakar da ta haɗa Arewa da Sakkwato da Kabi ita ma ba ta tsira ba, inda sunan Lakurawa ya bazu a 2024. Ƙarar da a da take sa yara su fito da gudu tarbar baƙo, a wasu ƙauyuka yanzu gudun ɓuya take sa su. Shin injiniyan 1974 yana da kaso cikin wannan jini? Hankali bai yarda ba, kuma dalilin yana cikin abin da aka faɗa tun farko. Wanda ya karanta jikin bindiga zai tarar da gawa, don ita aka auna kowane sashe nata. Wanda ya karanta jikin CG zai tarar da iyali da buhu. Ana tuhumar maƙeri da wanda ya gani, da wanda ya kamata ya gani ya kau da kai. Ba a tuhumarsa da ɓarawon da ya sace niyyarsa bayan shekaru 40. Nauyi yana ƙaruwa ne gwargwadon kusancin sani. Dillalin da baƙo ya zo masa da dare da kuɗi a buhu yana neman babura da yawa, bai tambaya ba don ya riga ya san amsa, ba zai fake bayan injiniyan Japan ba.

Hukumomi sun amsa da hani. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Jihar Difa ta hana hawansa a 2015 ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, sassan Tilaberi suka bi a farkon 2020, Zamfara ta ƙuntata shi a 2021. Ba daidai ba ne a yi wa waɗanda suka sa hannu a kan dokokin nan kallon marasa tausayi. Gawawwaki ne a gabansu, ga sojan da ba ya iya bambance manomi da mahari daga nesa. Sai dai doka ita ma ƙira ce. Tana da tsayi da faɗi, akwai kuma siffar mutum a cikinta. Dokar da ta hana kowane babur ta ga mahayi guda, mai bindiga, wanda dama shi ne kaɗai ba ya neman izini. Mai naƙuda, malamin da ajinsa ke ƙarshen hanyar rairayi, ɗan kabu-kabun da aka raba da abincinsa a daidai lokacin da masu daji suke neman matasa marasa aikin yi, duk sun faɗa bayan takarda. Tambayar da ta dace da injiniya ita ce ta dace da mai doka: ya je ya gani kafin ya zana? In ya ga dole ne, ya bar feda, ko ya bar mutane a tsakiyar hanya?

Saura mutum guda wanda kusan dukan maƙeran nan suka wuce, na nesa da na kusa. Mace ce, zaune a baya. Baburin da ya cika hanyoyin Arewa an auna shi ne da namiji mai wando. Ita kuwa da zane take, wani lokaci a karkace take zama, ƙafafu gefe ɗaya, ga goyo, ga kwano a cinya. Matakin da aka sa mata na wanda ya ware ƙafa ne. Salansa tana daidai ƙwaurinta, kuma ma'aikatan likita sun san tabon da take bari. Mafi muni, gefen zane ko na hijabi yakan shiga wayoyin tayar baya ya fizge ta ƙasa, abin da ake kira tsautsayi a wuce, alhali kuwa ana iya hango shi tun a takarda. A Indiya, inda mata suke zama haka da doguwar suturarsu, dokar zirga-zirga ta 1989 ta wajabta a rufe aƙalla rabin tayar baya da garkuwa, a kuma sa mariƙi da mataki domin na baya. Baburan da ake sayarwa can da ragar ƙarfen nan suke fitowa. Ragar ba ta buƙatar injiniya daga Pontedera ko Japan. Ƴan sandunan ƙarfe ne da walda, aikin da bai fi ƙarfin masu walda na bakin tashar Dutsi ba, waɗanda kullum suke faɗaɗa kariya domin a sami wurin ƙarin jarka. Mai babur ne yake zuwa da kuɗi, shi yake faɗin abin da za a ƙara, kuma jarkar yake tunawa.